Toka a Kan Kabeji

Kafin ladan ya gyara murya
na riga na goge gilashin mota da tsumma.
Daren jiya Merapi ya yi tari,
toka ta kwanta a kan rufi, a kan ganyen ayaba,
a cikin takalmin da na manta a bakin ƙofa.
Ba mu ce masa komai ba.
Wa ke yi wa tsoho faɗa don ya yi tari a gidansa?

Ni ne kwandasta, sunana Darmaji.
Kujeru goma sha huɗu ne a motarmu,
amma na taɓa ƙirga mutum ashirin da uku,
ban da kaji, ban da jariri,
ban da buhun barkonon da ya sa direba atishawa
tun daga Cangkringan har gadar ƙarfe.

Iya Ngatiyem ce ke fara shiga,
kwandon kabeji a goye kamar ɗa.
Sau biyu dutsen nan ya cinye mata ɗaki,
sau biyu ta koma ta kafa wani a gurbinsa.
Na ce, Iya, ƙasa ce ta ƙare?
Ta ce, “Yaro, nuna min inda ba kowa a tsibirin Jawa
in kai tabarmata.
Wanda ya ƙona min ɗaki
shi ya zuba wa gonata taki.
Ungo, ɗaga ka ji.”
Ta hure tokar, ta miƙo min ɗaya.
Sai da na sa hannu biyu.

Muna gangarowa, gari na wayewa.
Gonakin shinkafa hawa-hawa,
kowace ta kama nata yankin sama a cikin ruwa.
Ɓauna na jan garma, balbela na bin sawu.
Gida ya jingina da gida,
ba ka sanin inda ƙauye ya ƙare wani ya soma
sai fentin masallaci ya canza.

Sai babura,
kamar an tona gidan tururuwa.
Uba, uwa, yara biyu da tukunyar gas a kan ɗaya.
Wani ya goyo madubi da ya fi shi tsawo,
yana tafe da rabin titi a gadon bayansa.
A shingen jirgin ƙasa duk muka tsaya cak,
gwiwa na gugar gwiwa, gumi na bin wuya,
ba wanda ya zagi wani.
Yaro ya leƙo ta taga da soyayyiyar awara,
malamin makaranta ya sayi biyu,
ya ba na gefensa ɗaya bai tambayi sunansa ba.

Da azahar sama ta tsage.
Ruwa ya wanke tokar daga kan rufi
ya tura ta kwata, ta bi kogi, ta nufi teku.
Na tsaya a ƙofa, rabin jikina a waje,
ina kiran sunayen unguwanni ga mutanen da ke ƙarƙashin lema.

Sahun ƙarshe na masu komawa ne.
Kwanduna sun yi sauƙi, bakuna sun yi shiru.
Iya Ngatiyem na gyangyaɗi, kuɗinta ƙulle a haɓar zani.
Can sama, inda gajimare ya ɗan yaye,
bakin dutsen ya yi ja kamar garwashin mai shayi.

A gida Sumirah ta ajiye jakar a inda take ajiye ta,
bayan ƙofa, kusa da tsintsiya:
takardar fili, hoton aure, maganin tarin yarinya, tocila.
Ta ce, “Ya motsa?”
Na ce, kaɗan.
Ta zuba min shinkafa,
ta ce in tuna gobe in sayo batir.